Ina Alhakin Ma'aikacin Jinya Ya Fara, Ina Kuma Ya Tsaya?

Sau biyu cikin shekara ɗaya da rabi ma'aikatan jinya na Najeriya suka mamaye kanun labarai. A watan Fabrairun 2024 an gan su ɗauke da kwalaye a ƙofar ofisoshin hukumar da ke ba su lasisi a Abuja da Legas, suna adawa da sababbin sharuɗɗan tantance takardun masu neman aiki a ƙasashen waje. A ƙarshen Yulin 2025 kuma suka tsunduma yajin aikin gargaɗi na kwana bakwai a asibitocin gwamnati. A duka lokutan biyu kowane ɓangare da ɗa'ar aiki ya kafa hujja. Masu suka na cewa wanda ya yi rantsuwar kula da marasa lafiya bai kamata ya juya musu baya ba, ma'aikatan kuma na cewa wanda ya bar nas guda da ɗaki maƙare da marasa lafiya shi ya fara taka ƙa'idar. Mutumin da ya kwana kan tabarma a barandar asibiti yana jinyar mahaifiyarsa da wuya ya gane inda gaskiya take, domin abubuwa uku ake cakuɗawa wuri guda: abin da ke wuyan ma'aikacin jinya shi kansa, da abin da ke wuyan hukumar da ta yi masa rajista, da abin da ke wuyan wanda ya ɗauke shi aiki.

Wa doka take kira ma'aikacin jinya?

A bakin jama'a, duk namijin da ya sa farar riga a asibiti "likita" ne ko "malamin asibiti", mace kuma "sista" ce ko "nas". Doka ba ta san da wannan karamci ba. A wurinta ma'aikacin jinya shi ne wanda sunansa ke cikin kundin Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda aka fi sani da NMCN, kuma yake riƙe da lasisin da wa'adinsa bai ƙare ba. An kafa hukumar a siffarta ta yanzu da dokar soja mai lamba 89 ta shekarar 1979, wadda ta haɗe hukumar ungozoma da ta ma'aikatan jinya da aka gada tun zamanin Turawa. Ita ke amincewa da makarantu, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe, ita ke bayar da lasisi da sabunta shi bayan mutum ya nuna ya halarci kwasa-kwasan ƙarin sani, kuma ita ke da ikon dakatar da shi ko soke sunan mai shi daga kundi. Sanannun hanyoyin kai wa ga wannan rajista su ne karatun shekara uku a makarantar koyon jinya, ko digiri na shekara biyar a jami'a.

Akwai rukuni na biyu da ake yawan rikitawa da su, wato jami'an lafiya na al'umma da ake horarwa a kwalejojin kimiyyar lafiya. Su ne aka fi tararwa a ƙananan asibitocin karkara, suna da tasu hukumar ta daban, kuma tun 2014 manufar gwamnati ta raba ayyuka ta ba su damar yin wasu abubuwan da a da sai ungozoma ko nas, matuƙar an horar da su. Aikinsu halastacce ne, sai dai ba ma'aikatan jinya ba ne.

Rukuni na uku su ne waɗanda ake kira "ogzilari", masu koyon allura da sa ƙarin ruwa ta hanyar zama a wani asibiti mai zaman kansa har hannunsu ya faɗa. NMCN ba ta amince da su ba, ta kuma sha gargaɗin masu horar da su. Wannan bambanci ba maganar girman kai ba ce tsakanin masu farar riga. Duk ƙa'idojin da za a ambata a ƙasa a kan lasisi suka rataya, kuma wanda ba shi da lasisi babu abin da hukumar za ta ƙwace daga hannunsa.

Abin da lasisi ke ɗora wa mai shi

Yawancin mutane rantsuwar ranar yaye ɗalibai suka sani, wadda ake dangantawa da Florence Nightingale, ko da yake ba ita ta rubuta ta ba. A birnin Detroit na Amurka aka tsara ta a 1893 aka sa mata sunanta don girmamawa. Amma idan magana ta kai gaban kwamitin ladabtarwa, ba da rantsuwa ake hukunci ba, da kundin ɗa'a da dokar ƙasa ake yi. Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya, mai hedikwata a Geneva, ta fitar da nata kundin a 1953, ta kuma yi masa garambawul na baya-bayan nan a 2021. Ya jingina aikin a kan inganta lafiya, da hana cuta, da dawo da lafiyar wanda ya rasa ta, da rage raɗaɗi, har da taimaka wa wanda ajalinsa ya zo ya cika cikin mutunci. Kundin NMCN ma bai yi nisa da wannan tafarki ba.

Jigon abin da ya raba ma'aikacin jinya mai rajista da ɗan aike shi ne, shi ke amsa tambaya kan abin da hannunsa ya aikata. A ɗauki misalin ɗakin yara da tsakar dare. Likita ya duba yaro ɗan shekara biyu cikin gaggawa, ya rubuta allura a kati, ya wuce wani ɗakin. Nas ta zo bayarwa sai ta ga adadin da aka rubuta ya fi dacewa da nauyin babban mutum. Abin da ƙa'ida ta ɗora mata shi ne ta dakata, ta nemi likitan ya sake dubawa, idan ya nace kuma ba ta gamsu ba ta kai maganar ga na gaba da ita, sannan ta rubuta abin da ya faru da lokacin da ya faru. Idan ta ɗura allurar alhali ta ga kuskuren, ko kuma ya kamata a ce ta gan shi, cewa "likita ne ya rubuta" ba zai wanke ta ba. Haka kuma ƙa'idar ta yi mata iyaka ta ɗaya gefen: ba ta da hurumin yin aikin da ba a horar da ita a kansa ba, komai matsin 'yan uwan mara lafiya, kuma tura mara lafiya zuwa babban asibiti da wuri wani ɓangare ne na aikinta, ba gazawa ba ce.

Rubutu a fayil, wanda masu jinya kan ɗauka ɓata lokaci ne yayin da ɗan uwansu ke nishi, yana cikin manyan wajibai. A makarantun jinya ana koya wa ɗalibai cewa aikin da ba a rubuta ba tamkar ba a yi shi ba ne. Dalilin a fili yake lokacin miƙa aiki: wadda ta karɓi aikin dare ba ta da hanyar sanin an riga an ba mara lafiya maganin hawan jini da yamma in ba ta gani a rubuce ba, kuma maimaita shi na iya zama ajali.

Sai kuma mu'amala, wadda ita ce ƙorafin da ya fi yawa a bakin jama'a, musamman game da ɗakin haihuwa. Wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a Najeriya da Ghana da Gini da Myanmar, wanda aka wallafa a 2019, ya gano fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan da suka haihu a asibitocin da aka duba sun gamu da wani nau'in cin zarafi, kamar tsawa ko zagi ko mari. Wasu ma'aikatan kan ce tsawar don a ceci jariri ce idan mai naƙuda ta ƙi yunƙuri. Kundin ɗa'a bai karɓi wannan uzuri ba. Illar kuma ba ta tsaya kan wadda aka zaga ba: za ta koma gida ta ba kishiyarta da maƙwabtanta labari, a yankin da tun asali mafi yawan haihuwa a gida ake yin ta, a ƙasar da ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa sanadin ciki da haihuwa a duniya.

Sirri da sa hannu

Nan ne ƙa'idar aiki da al'adar zamantakewa suka fi yin karo. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya mayar da duk bayanin rashin lafiyar mutum, da maganin da ake ba shi, har da zamansa a asibiti, sirri. Ba a fitar da shi sai da rubutaccen izinin mai shi, ko umarnin kotu ko wata doka, ko buƙatar iyaye ko waliyyi idan yaro ne ko wanda ba ya cikin hayyacinsa, ko kuma idan ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Dokar hana ƙyamar masu ɗauke da cutar HIV, ita ma ta 2014, ta ƙara wa wannan ƙarfi.

A takarda abin mai sauƙi ne. A garin da kowa ya san kowa kuwa, nas ɗin da ta karɓi sakamakon gwaji da safe ita ce za ta haɗu da surukar mai sakamakon a gidan suna da yamma, a ja ta gefe a ce, "'Yar nan, ke da kike can, me ke damun matar ɗana ne?" Ƙin amsa wa babba ana iya ɗaukarsa rashin kunya, amsawa kuma laifi ne da zai iya cin lasisi. Tun da Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a watan Mayun 2024, wanda ya haɗa da HIV da ciwon hanta da rukunin jini na sikila, yawan irin wannan bayani mai iya rushe aure da ke ratsa hannun ma'aikatan lafiya ya ƙaru. Dokar ta wajabta gwaji, ba ta ba ma'aikaci lasisin yaɗa sakamako a unguwa ba. Haka hukuncin yake ga ɗaukar hoton mara lafiya ko na wanda ya yi haɗari a sa a Facebook ko TikTok ba da izininsa ba, ko da niyyar neman taimako ce ko wa'azi.

Batun sa hannu kafin tiyata ya fi wannan sarƙaƙiya. Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ya wajabta a yi wa mara lafiya bayanin cutarsa, da hanyoyin magani, da haɗarinsu da kuɗinsu, da 'yancinsa na ƙin amincewa, kuma gwargwadon hali a yi bayanin da harshen da yake ji. A shari'ar Okonkwo ta 2001 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa baligi mai hankali na da ikon ƙin magani, har da ƙarin jini, ko da hakan zai kai ga mutuwarsa, sannan a wata shari'ar ta 2019 ta nuna iyaye ba su da wannan iko a kan rayuwar ƙaramin yaro. Ma'anar wannan ita ce izinin na mai jikin ne. Amma abin da aka saba gani shi ne mace na zubar da jini, an ce sai an yi mata aiki, ita da masu rakiyarta kuma sun ce sai maigida ya zo ya sa hannu, shi ko yana kasuwa wayarsa ba ta shiga. Doka ba ta sharɗanta sa hannun miji ga mace baliga mai hankali ba. Sai dai ma'aikaciyar jinya ba za ta tilasta mata ba idan ita da kanta ta zaɓi jira; abin da ke kanta shi ne ta faɗa mata ƙarara cewa sa hannunta ya wadatar, ta bayyana mata abin da jinkiri zai iya jawowa, ta kira likita, ta rubuta. Masu kare al'adar jiran miji na da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba, cewa shi zai biya kuɗi kuma ita ce za ta koma ta zauna da shi. Masu suka kuma na nuni da cewa zubar jini bayan haihuwa na iya kashewa cikin sa'o'i biyu.

Gaggawa, kuɗin kati da rahoton 'yan sanda

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ya haramta wa ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa bisa kowane dalili, ya kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Wata dokar ta 2017 ta wajabta duba wanda aka harba ba tare da jiran rahoton 'yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba, a sanar da 'yan sanda cikin sa'o'i biyu da fara magani. Duk da haka labarin wanda aka mayar daga ƙofa bai daina fitowa ba, kuma nas ce yawanci ke bakin ƙofar. Ita doka ta ce ta karɓa, mai asibitin ya ce kada ta taɓa kowa sai an biya, kantin magani na asibitin kuma ba ya sakin ko safar hannu sai da rasit. Dokar ta 2014 ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko don biyan irin wannan magani, amma tsarin biyan bai game yawancin asibitoci ba. Wannan ba ya ɗauke wa ma'aikaciyar wajibin yin abin da hannunta zai iya, kamar tsayar da jini da shirya tura mutum gaba, sai dai yana nuna akwai mai laifi na biyu da ba a cika ganin fuskarsa ba.

Dokar ba ta bar ma'aikaci haka kawai ba. Sashe na 21 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ya ɗora wa asibiti kare ma'aikatansa daga rauni da kamuwa da cuta, ya kuma ba ma'aikaci damar ƙin duba wanda ya doke shi ko ya zage shi ko ya ci zarafinsa, in ban da masu taɓin hankali. Haɗarin aikin ba zance ba ne: cikin waɗanda cutar Ebola ta kashe a Legas a 2014 akwai ma'aikaciyar jinya Justina Ejelonu, wadda ta kula da Patrick Sawyer, mutumin da ya shigo da cutar, a kwanakin farko na fara aikinta a asibitin da aka kwantar da shi.

Rikicin tantancewa: kare jama'a ko tare hanya?

Duk ƙasar da za ta ɗauki nas daga Najeriya sai ta nemi NMCN ta tabbatar mata cewa takardunsa na gaske ne kuma ba shi da laifi a kansa. Wannan shi ake kira tantancewa. Sababbin sharuɗɗan da hukumar ta fitar a Fabrairun 2024, da nufin su fara aiki ranar 1 ga Maris, sun ce sai mai nema ya yi aiki shekara biyu bayan samun lasisinsa na dindindin, sai an sami takardar shaidar kyakkyawan hali daga shugaban wurin aikinsa da kuma makarantar da ya gama, kuma aikin tantancewar zai ɗauki aƙalla wata shida.

Magatakardan hukumar na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga ciki a 2023 kaɗai. Najeriya na cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu ƙarancin ma'aikatan lafiya da bai kamata a riƙa zuwa farautar ma'aikatansu ba, tare da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi, amma jerin bai hana mutum neman aiki da kansa ba, shi ya sa Najeriya ke bin bayan Indiya da Filifin a yawan baƙin ma'aikatan jinya a Birtaniya. Masu goyon bayan sharuɗɗan na cewa da kuɗin jama'a aka horar da mafi yawansu, don haka shekara biyu ba ta yi yawa ba a matsayin ramuwa. Suna kuma da hujjar tsare mutuncin takardar Najeriya, domin a 2023 hukumar jinya ta Birtaniya ta gano alamun maguɗi a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta da ke Ibadan, inda ta ce tana zargin mutum 48 da ke cikin kundinta da wasu 669 masu neman shiga.

Ma'aikatan sun mayar da martani ta fuska uku. Na farko, tantancewa amsar tambaya ce guda, ko wannan takarda ta gaske ce ko a'a, kuma ba ta buƙatar wata shida. Na biyu, shugaban asibiti a mafi yawan lokuta likita ne, don haka sharaɗin ya miƙa makomar nas ga ɗan wata sana'ar, wanda kuma ba zai so ma'aikacinsa ya tafi ba. Na uku, wanda ya fi nauyi, akwai dubban waɗanda suka gama karatu suna zaune a gida ko suna karɓar abin da bai taka kara ya karya ba a asibitoci masu zaman kansu saboda gwamnatoci ba sa ɗaukar aiki. Ta yaya wanda ba a ba aiki ba zai kawo shaidar aikin shekara biyu? Wasu sun kai ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, Majalisar Wakilai ta nemi a jingine sharuɗɗan, shafin intanet na tantancewar ya zauna a rufe watanni har zuwa Satumban 2024.

Idan aka auna da kundin ɗa'a, babu inda aka ce barin ƙasa laifi ne. Abin da aka haramta shi ne watsar da mara lafiyar da aka riga aka karɓa, kamar barin ɗaki ba a miƙa aiki ba, ko ɓacewa ba sanarwa alhali suna na cikin jadawalin aiki. Wanda ya ajiye aiki bisa ƙa'idar kwantiraginsa, ya biya abin da ke kansa idan gwamnatin jiha ta ɗauki nauyin karatunsa da sharaɗin yi mata aiki, ya fita haƙƙin sana'arsa. Riƙe ma'aikata a ƙasa buƙata ce ta gaske, amma batu ne na albashi da ɗaukar aiki, kuma takaddamar ta taso ne lokacin da hukumar da aka kafa don tace ƙwarewa ta shiga yin aikin da ma'aikatar lafiya da gwamnoni ya kamata su yi. Daga baya gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙaurar ma'aikatan lafiya a Agustan 2024, ma'aikatar lafiya ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate kuma ta ce ta ɗaga yawan ɗaliban jinya da ake ɗauka a shekara daga 28,000 zuwa 64,000. Ko makarantu na da malamai da gadajen koyon aiki da za su ɗauki wannan ninki, tambaya ce da ta koma kan NMCN, tunda ita ke sa hannu cewa wanda aka yaye ya ƙware.

Yajin aiki

Yajin da ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma, NANNM, ta fara ranar 30 ga Yulin 2025 ya biyo bayan wa'adin kwana 15 da ta ba gwamnati. Cikin buƙatunta akwai ƙarin alawus na aikin dare da na kayan sawa na aiki, da tsarin albashi na musamman, da ɗaukar ƙarin ma'aikata, da kafa sashen jinya a ma'aikatar lafiya ta tarayya. An janye shi ranar 2 ga Agusta bayan yarjejeniya da gwamnati.

Matsayin doka da na ɗa'a a nan ba su yi daidai da abin da kowane ɓangare ke so ba. Sashe na 45 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ya sa aikin lafiya cikin muhimman ayyukan da ba a son su tsaya, ya kuma ɗora wa minista ɗaukar matakin dawo da al'amura cikin kwana 14, yayin da dokar rikicin ma'aikata ta ba gwamnati damar hana albashin kwanakin da ba a yi aiki ba. Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya kuwa ta amince da 'yancin yajin aiki a matsayin matakin ƙarshe, da sharaɗin a ci gaba da ayyukan da rai ya dogara da su. Ke nan wanda ya ce duk yajin aikin nas cin amana ne ya wuce abin da kundin ya faɗa, haka ma wanda ya ce a kulle har ɗakin gaggawa da na jarirai bakwaini. Ƙungiyoyi na cewa idan aka bar 'yan tsirarun ma'aikata gwamnati ba ta jin zafin yajin, sai ya ja watanni. Wannan na iya zama gaskiya game da halin gwamnati, amma zafin da ake nufi a jikin talaka yake sauka, domin mai hali tun ranar farko ya ɗauke nasa zuwa asibitin kuɗi.

Idan an yi kuskure, ina ake zuwa?

Hausa ta bambanta kuskure da sakaci da ganganci, kuma masu hukunci ma haka suke yi. Ba duk mutuwa a asibiti ce laifin wani ba. Abin da ake tambaya shi ne ko ma'aikacin ya yi abin da ƙwararre mai hankali zai yi a irin wannan hali. Nas guda da aka bar wa gadaje talatin da fitilar waya, ta makara wajen zagayowa kan wani, ba ɗaya take da wadda ta kulle ƙofa ta kwanta barci ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai dai kundin ya ɗora wa ta farkon ta kai rahoton ƙarancin a rubuce ga shugabanta, domin wannan takarda ce za ta mayar da alhakin kan asibitin ranar da abu ya ɓaci. A shari'ar diyya ma asibiti na ɗaukar nauyin sakacin ma'aikacinsa.

Ƙorafe-ƙorafe kaɗan ne ke isa inda za a yi hukunci. Iyalai da yawa kan ce kwana ne ya ƙare, su bar wa Allah, wasu kuma na tsoron gobe za su dawo asibitin su tarar da wadda suka kai ƙara. Waɗanda ba su haƙura ba sukan huce a kan ma'aikacin da ke kusa da duka ko zagi, abin da ke mayar da mai ƙorafi mai laifi. Hanyar da doka ta shimfiɗa ta fara ne daga shugabar ɗaki da shugaban sashen jinya na asibitin, sai hukumar kula da asibitoci ko daraktan ayyukan jinya a ma'aikatar lafiya ta jiha, sai NMCN, wadda kotun ladabtarwarta ke iya yin gargaɗi ko dakatarwa ko soke rajista. Hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya da ayyuka ta tarayya, wadda ta fitar da kundin haƙƙoƙin mara lafiya a Yulin 2018, ita ma tana karɓar ƙorafi. Kotun ladabtarwa ba ta biyan diyya. Mai neman diyya sai ya je kotun ƙasa.

Kowace daga cikin waɗannan ƙofofi abu ɗaya za ta fara tambaya: rana da lokaci, da ɗakin da abin ya faru, da lambar kati, da sunan ma'aikacin da ke bakin aiki. Mara lafiya na da damar tambayar wanda ya nufo shi da allura sunansa da matsayinsa. Idan bincike ya nuna wanda ya yi allurar ba ya cikin kundin kowace hukuma, maganar ta fita daga hannun kotun ladabtarwa ta koma ta 'yan sanda da hukumar jihar da ke ba asibitoci masu zaman kansu izinin buɗewa, kuma mai asibitin da ya sa masa farar riga yana cikin waɗanda za a tuhuma.